Furannin Takardar Auren Yakut

Mogador, 4 ga watan Heshwan

Zuwa ga Yaya Freha,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon gwiwar? Mu nan da sauƙi, ban da abin da zan gaya miki.

Idi uku sun wuce da rasuwar 'yata Yakut, don haka mijinta Nissim zai sake aure. Shari'armu ta Yahudawa ta ba shi dama. Amma jiya uwarsa ta shigo shagona, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Mas'ud, takardar auren Yakut muke so. Ka yanke rubutun tsakiya a liƙa na sabuwar amarya. Furannin ai ba su mutu ba."

Yaya, kin ji fa. Shekara talatin ina zana wa mutane adon gefen takardar aure, ban taɓa zuba hannu kamar a wannan ba. Reshen rumman ɗin da na zana a kanta na tsakar gidanmu ne, kurciyoyin kuwa Yakut ce ta zaɓi launinsu. Na ce zan zana musu sabuwa, ta ce amarya waccan take so. Da za ta fita ta waiwayo ta ce, "Simha tana ta cigiyar kakanta. Sai dai gidanku ya yi nisa yanzu." Jikata take nufi, 'yar Yakut, kuma layi biyu ne fa tsakaninmu.

Na je wurin rabbi, malaminmu, ya ce babu haramci. Ni dai ba zan yi ba.

Ƙaninki,
Mas'ud

Mogador, 9 ga watan Kislew

Yaya Freha,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, na samu wasiƙarki. Kin ce in tsaya a kan bakana. Na tsaya, har Asabar uku, su kuma suka hana Simha zuwa gidanmu. Matata Zohra tana zuba abinci a kwanon Simha tana kwashewa. 'Yar shekara huɗu, ita kaɗai Yakut ta bar mana. Na hango ta a kasuwar kifi na ɗaga hannu, aka fizge ta aka juya mata fuska.

Ran Lahadi Zohra ta ciro takardar daga akwatinta ta ajiye mini, ba ta dube ni ba. Na wasa wuƙa, na bi bakin ganyen a hankali. Aikin ya yi kyau, ko mahaɗi ba a gani, kuma abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan. A wurin biki aka ɗaga ta sama, mata suka rangaɗa guɗa, Nissim ya rungume ni yana cewa, "Baba, hannunka da albarka." Ina komawa gida na tuɓe rigar na ce a jiƙa ta.

Da ma sun ce in na yi aikin za mu ga yarinyar. Sun cika alkawari, gobe za a kawo Simha. Zohra tana ta girki tun safe. Ni kuwa sai wanke hannu nake yi, ban san yadda zan ɗauki yarinyar da hannun da ya yanke sunan uwarta ba.

Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Mas'ud