Gwajin da Ya Fi Ƙarfin Masu Zuma

Zuwa ga Manajan kamfanin talla ta intanet da ke Legas.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne ma'ajin ƙungiyar masu zuma ta Kwatarkwashi, a sabuwar jiharmu ta Zamfara. Na rubuto ne a jarida don na gaji da bin layin tarho a Gusau, kuma har yanzu kaina a ɗaure yake.

Na farko. Wakilinku ya same mu a kasuwar Tsafe, ya ce akwai wata na'ura da Turawa ke duba kaya a cikinta, idan hoton zumarmu ya shiga za a neme mu daga ƙasashen waje. Ya ce a fara da gwaji. Muka haɗa naira dubu goma sha biyar, akasari daga kuɗin takin bana, na aika muku ta banki da hannuna.

Na biyu. Da kuɗin suka isa, sai aka ce ba a fara gwaji da ƙasa da dubu sittin. Nan ne na rikice. A wajenmu mai saye yakan tsoma tsinke a kwalba ya lasa, in ta yi masa ya taya, in ba ta yi ba ya wuce, ba a riƙe masa riga. Ban taɓa jin an ce sai mutum ya sayi tulu huɗu kafin ya ɗanɗana ba.

Na uku. Ma'aikacinku da na samu a tarho ya ce sai mutane da yawa sun ga tallar kafin a san ko tana aiki. Na tambaye shi su waye mutanen, ya ce ba a ganinsu, ƙirga su kawai ake yi. Na zaga Gusau ban sami wanda zai nuna mini na'urar ba. Me zan faɗa wa Inna Ladi ta Rawayya, wadda ta sayar da akuyarta ta saka kuɗin saboda ni na yi magana? Wallahi kunyarta nake ji.

Roƙona, ko ku yi mana gwaji daidai kuɗinmu, ko ku dawo mana da su kafin ruwan shuka ya sauka. Allah Ya ƙara wa kamfaninku albarka, Ya ba ku ikon duba mu.

Na ba direban motar Legas kwalbar zuma ya kawo muku. Ku lasa, ba sai kun sayi tulu ba.

Wassalam.
Malam Garba mai zuma, Kwatarkwashi.