Damin Dawar da Na Hana a Kai

Assalamu alaikum Anti, ke da masu karanta wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a yanke mini hukunci a bari in kai aya, domin zargin da nake wa kaina ma ya ishe ni kaya.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Tudun Wada. Asabar da Lahadi ina shiga Kano karatun difloma a fannin shari'a, irin wanda aka tsara wa ma'aikata. Tun ranar farko malaminmu ya gaya mana cewa wannan karatu bakin ƙofa ne kawai, ba ya mai da mutum lauya. Amma a ƙauyenmu wa ya san bambancin? Da aka gan ni da littattafai masu kauri sai aka raɗa mini Barista. Ban taɓa cewa ni ce ba, ban kuma taɓa cewa ba ni ba ce. Sunan yana yi mini daɗi, Anti. In na shiga mota sai in jingina kai da gilashi, gonaki suna wucewa, ni kuwa ina can ina hango kaina cikin baƙar rigar lauyoyi, kotu ta yi tsit tana saurarona.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina ƙarama. Gona ɗaya gare shi, da ita yake ciyar da gidan. Lokacin da ruwan madatsar Tiga ya cinye garinsu, wani dattijo ne a nan ya ba kakanmu aron ta. Tun daga nan, duk kaka sai a kai dami ɗaya na dawa gidan mai gonar. Kakanmu ya rasu, dattijon ya rasu, amma damin bai fasa zuwa ba, ɗansa Malam Habu ke karɓa.

Da kakar bana aka koya mana hauzi: wai wanda ya daɗe yana riƙe da ƙasa yana aikinta, mai ita yana gani bai tanka ba, shari'a tana iya bar masa. Lokaci ya ƙure, malam ya ce sauran bayani sai mako mai zuwa. Na dawo gida zuciyata fal, na tarar da Kawu yana ɗaure damin a bayan keke.

"Kawu, wannan fa na ina ne?"

"Na gidan Malam Habu mana. Boko ya mantar da ke?"

"Ai a shari'a gonar nan ta zama taka tuntuni. Hauzi ake ce masa."

"Hau me?"

"Hauzi, Kawu."

Ya yi dariya har da tari. "Yo ai mun hau tun ba a haife ki ba!" Sai kuma ya tsaya da igiya a hannu, ya dube ni. "Kin tabbata, Barista?"

Na ce masa a littafi yake. Ya sauke damin ya jingina shi da rumbu.

Ran kasuwa Malam Habu ya tare shi da wasa, ya ce, "Bana dawar ba ta yi ba ne?" Kawu ya amsa a gaban jama'a, "Dawa ta yi, aro ne ya ƙare. Je ka tambayi Barista."

Asabar ta zagayo, malam ya ƙarasa darasin. Ya ce hauzi ba ya hawa kan aro, ko haya, ko jingina, komai daɗewa. Ya ƙara da cewa ɗan abin da ake kai wa mai gona da kaka shi kansa shaida ne cewa aro ne. Anti, biro ya faɗi daga hannuna, ban iya sunkuyawa na ɗauka ba. Na dawo da niyyar in faɗa wa Kawu. Ina shiga zaure Kawu ya ce wa baƙinsa, "Ga ta nan, idon gidanmu." Yaya zan buɗe baki? Na gaishe su na wuce ciki. Wannan shirun shi ne babban laifina, kuma har yau ina cikinsa.

Yanzu sammaci ya zo. Malam Habu ya kai ƙara yana neman gonarsa kafin damina. Duk da haka ya aiko ta bakin liman cewa in Kawu ya kawo damin da kansa, ya ce ya yi kuskure, zai janye. Kawu ya ce, "Mai Barista a gida ba ya roƙo." Jiya ma cewa ya yi in wanke baƙar rigata in goge, zaman kotu ya kusa. Wace riga? Ni da ko izinin tsayawa gaban alƙali da sunan lauya ba ni da shi?

In na faɗa masa gaskiya, da wane ido dattijo mai hawan jini zai ratsa gari da dami a keke, bayan abin da ya faɗa a kasuwa? In na yi shiru, gonar za ta tafi, da me zai ciyar da gidan? Ko in je wurin Malam Habu in durƙusa ba da sanin Kawu ba? In ya ji fa?

Damin yana nan jingine da rumbu. Kaji suna tsattsagarsa, kullum raguwa yake yi, ni kaɗai nake lura. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?