Yaya Ya Kawo Mini Maƙeri

Birnin Kudu, daren Laraba, daminar 1977

Barci ya ƙi zuwa, ƙugun nan sai zogi yake. Da aka sa mini ƙarfe a Kano na ɗauka na rabu da wahala, har na fara takawa masallaci. Ga shi ɗinkin ya kumbura yana tsatso ruwa ja-ja, zazzaɓi ya mai da ni gado. Malamin asibiti ya ce in allura ba ta ci ba, sai an sake buɗewa. Tun da na ji haka tuwo ya fita raina.

Da la'asar sai ga Yaya Sale daga Gwaram, wani tsoho na biye da shi. Wai maƙeri! Yaya ya ce, "Jan ruwan nan tsatsa ce. Ƙarfe a jiki, ga damina, ga ka kullum cikin alwala. Wa ya san ƙarfe in ba maƙeri ba?"

Don kunyar Yaya na yaye zane. Tsohon ya ƙwanƙwasa ƙuguna, ya kasa kunne, ya ce, "Malam, ƙarfe lafiyarsa ƙalau. Ƙotar ce ta fara ruɓewa, mu kuwa ba ma aikin ƙota."

Na yi dariya har ɗinkin ya amsa. Yaya kuwa ko murmushi, sai cewa ya yi ya san wani masassaƙi a Farin Dutse, jibi zai zo da shi.

Gobe da asuba zan bi motar Kano. Gara wuƙar likita da gizago.