Na goya 'yata a gabansu, da suka tafi ta faɗo

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ku kuma yi haƙuri da rubutun, da hannun hagu nake dannawa, tun safe nake kai.

Shekarata ashirin da uku, ina aure a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Kafur. Kwana tara da haihuwata ta fari ina shan kunun kanwa sai kofi ya suɓuce min, bakina ya karkace. A asibiti a Funtua suka ce hawan jini ne ya jawo min shanyewar ɓarin jiki. Jaririyar sai yayar mijina ta ɗauka, Yaya muke ce mata, gidanta na bayan namu, ita ta raine ta da madara. Tsakani da Allah ban taɓa ganin yarinyar nan da datti ba.

Yanzu wata goma sha ɗaya. Magana ta dawo, ƙafa ina ɗan ja, hannun dama yana ɗaguwa amma yatsun ba sa riƙo. Kullum da la'asar Yaya kan kawo min ita ta ɗora min a cinya, yarinyar ta ɗan zauna, sai ta miƙa wa Yaya hannu.

Da damina aka canza wa mijin Yaya wurin aiki zuwa Kaduna, za su tashi da kaka. Na ce a bar min 'yata. Surukata ta ce ita ba ta ƙi ba, amma uwar da ba ta iya goyo ba in gobara ta tashi a ka za ta ɗora ɗiyar? Aka tsaya a kan duk ranar da na goya ta da kaina, ba wanda ya kama min, za a bar min ita.

Wata uku ina koyo. Na zuba masara tiya uku a tsohon buhu, in durƙusa in tura shi bayana, in danne gefen zani da hammatar dama in ja da hagu, majanyi kuma da haƙori nake ɗaurewa. Matan gidan suna tsokanata wai yaushe ne sunan buhu, a gaya musu su yi anko. Kafin buhun nan wuni nake a kwance ina kallon kwanon ɗaki, shi ya tashe ni.

Ranar Juma'a na goya ta a gaban kowa, na zaga tsakar gida sau biyu. Surukata ta ce to magana ta ƙare. Yaya ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Shekaranjiya Yaya ta bar min ita ta tafi kasuwa, kowa yana gona ana karyar masara. Na goya ta zan ɗebo ruwa a randa. Buhu ba ya motsi, ita kuwa tana yi. Ta ga akuya ta banƙare, zanin ya zame daga hammatar da ba na ji sosai, sai kawai na ji bayana ba nauyi. A kan ɓawon masarar da aka tara gefen rumbu ta faɗa. Taku ɗaya daga wurin turmi ne a kife. Ko ƙwarzane babu, ta ɗan yi kuka ta kama wasa da ɓawon. Ni tsayawa na yi ina kallonta, ban yi ihu ba, ban yi kuka ba, har yau ban yi ba. Abinci ma turawa kawai nake.

Ba wanda ya gani. Jiya Yaya ta kawo min kayanta a ƙulle, har da ɗan cokalinta, tana gaya min ba ta son koko da zafi. Motarsu Lahadi za ta zo.

In na faɗa, da ita za su tafi, kuma na san ba mai sake tayar da maganar sai ta yi wayo, ta zo tana gaishe ni kamar baƙuwa. In na yi shiru, daga Litinin ni da ita ne kaɗai a gida tun safe har la'asar, da hannun nan.

Iyayena mata da ke nan, in gaya wa Yaya kafin Lahadi ko in yi shiru? Ƙullin kayan yana bakin ƙofata, ban kwance ba.