Ƙofar Kurege

Kabong, Litinin

Hussaina ƙawata,

Gaisuwa mai yawa. Ya Mama, ya yara? Zane-zanen littafinmu sun iso, hannunki sai godiya. Amma shafin ƙarshe, haba! Ni na rubuta Bushiya ta ɓoye 'ya'yan Kurege ranar gobarar daji, da ruwa ya cinye raminta Kurege ya buɗe mata ƙofa. Ke kuma kin zana ƙofa a rufe, Bushiya a waje cikin ruwa, ga ido ɗaya yana leƙe ta tsaga. Na nuna wa 'yan ajina a Naraguta, wata ta fashe da kuka, wai Anti, ashe alheri ba ya dawowa? Ranar Juma'a za a kai wa mai bugawa. Don Allah ki gyara.

Taki,
Cordelia

Anguwan Rogo, Laraba

Cordelia,

Na ga saƙonki, kowa lafiya, a gaida mutan gida. Sau uku na zana ƙofar a buɗe, sau uku na yaga.

Kin tuna rikicin farko da aka yi a garin nan, mamanku ta ɓoye mu ƙarƙashin gadonta kwana uku, ta tsaya bakin ƙofa tana rantsuwa babu kowa. A rikici na biyu, da aka biyo yayanki Anayo daga shagonsa, gidanmu ya nufo. Mun ce muku ba ma nan ranar. Ƙarya ne. Muna ciki. Yana dukan ƙofa yana kiran sunana, Baba ya ce duk wanda ya taɓa sakata bai yafe ba. Ni na leƙa. Idona ne, Cordelia. Duk ranar da na ga Anayo yana jan ƙafar nan da suka karya masa a ƙofar gidanmu, ji nake kamar in nutse.

In kin daina kula ni, ban ga laifinki ba. Amma ba zan zana wa yara ƙarya ba.

Ki huta lafiya,
Hussaina

Kabong, Alhamis

Hussaina,

Yau ba ni da bakin doguwar gaisuwa. Na kai wa Anayo takardarki. Ko mamaki bai yi ba. Ya ce ya ga idon tun ranar, har hawayen da ke ciki. Ashe shi ya sa ya ba ni tatsuniyar, ya nace ke za ki zana.

Ni dai ban huce ba. Amma Anayo ya ce mai bugawa ya jira, kada a taɓa zanen, a ƙara farin shafi ɗaya. Ranar Asabar yana gida. Ki zo da fensirinki, ki ƙwanƙwasa.

Cordelia