Ƙwallon da Tsoho Ya Ba Ni

Yaya Lawwali,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna da yara. Garinmu Matameye ya samu ruwan sama kuwa?

Ni lafiya lau nake nan Amurka, sai 'yar damuwa. Tsohon da nake jinya, kakansa shahararren gwanin jifa ne a wasan ƙwallon Amurkawa da ake kira besbol, shekara ɗari baya. Ƙwallon wasan kakan na ƙarshe tana ajiye cikin akwatin gilashi. Ran Talata tsohon ya ciro ta ya damƙa mini, ya ce, "Riƙe, ke kaɗai ke zama da ni." Na ƙi, ya fashe da kuka, na karɓa.

Jiya 'yarsa ta ga akwatin wayam. Ta tambaye shi, ya ce bai sani ba, don mantuwa ke damunsa. Ta ƙura mini ido, ta ce za ta kira 'yan sanda. Tsoro ya hana ni faɗin gaskiya, ka san takarduna na izinin zama ba su fito ba.

Gobe zan mayar mata da ƙwallon, in faɗi gaskiya. Kada Inna ta ji. In ka ji ni shiru kwana uku, to, ka gaya mata a hankali.

Ƙanwarka,
Najaha