Wa Ya Ba Barsu Nama?

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, ya Agadas? Da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu ma lafiya lau, ƙafar Inna ta yi sauƙi.

Sai dai karenmu Barsu ya mutu. Na iske shi kwance a gonarmu ta Jiratawa, baki duk kumfa, ga guntun nama a gefe.

Mutane na cewa ɓarayin albasa suka sa masa guba. Ni ban yarda ba. Kai ka hore shi, ka san ko tsire aka ajiye masa ba ya taɓawa sai an daki cinya an kira sunansa. Da haka ya ci gasar mafarauta a Tsibiri, karnuka na wawar nama, shi yana zaune yana kallonka.

Mu uku muka san wannan alama: kai, ni, da Kawu Idi, wanda Barsu ke hana shi shiga rumbunmu. Kuma Kawun ne ya fara yi mini jaje, tun ban gaya wa kowa ba.

Ka taya ni da addu'a, kar in zalunci Kawu, kar kuma a mai da ni wawa. A gai da kowa.

Ƙanenka,
Lawali